Ƙwaya, fasa gida da turjiya ga 'yan sanda a shari'a ɗaya: ya ake lissafin ɗaurin?

Yayan_Gida:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin shari'a a cikinmu ina neman ƙarin haske, kuma ku yi haƙuri ba zan faɗi inda muke ba saboda maganar tana gaban kotu kuma akwai waɗanda suka san ni a nan. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 23, aka kama shi cikin dare ya shiga gidan mutane ta taga suna ciki suna barci, maigidan ya farka ya kira 'yan sanda, ko da suka iso ya riga ya haura katanga sai suka bi shi, da suka cim masa ya ƙi tsayawa a sa masa ankwa aka yi ta kokawa har ɗan sanda ɗaya ya faɗi ya gurɗe hannu. Da aka caje shi aka samu ƙullin wiwi da wasu ƙwayoyi a aljihunsa. Bai fita da komai daga gidan ba, wayar da ya ɗauka ma a bakin tagar ya yar da ita.

Yanzu takardar tuhuma ta fito da abu uku, fasa gida, mallakar ƙwaya, da turjiya tare da ji wa jami'i ciwo. Wani maƙwabcinmu ya zo ya zauna yana lissafa wa mahaifiyarmu wai wannan shekara kaza ne wancan kaza ne, ya tara su duka ya ce mata sai dai ta fidda rai, tun ranar ba ta barci. Abin da nake so in sani, da gaske tarawa ake yi? Wanne ne ya fi nauyi a cikin ukun? Sannan lauyan da muka ɗauka yana ta cewa yaron ya amsa laifi tun yanzu, ni kuma sai nake ganin kamar miƙa wuya ne a yanka. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, sau ɗaya dai aka taɓa kama shi da wiwi aka yi masa gargaɗi aka sake shi. Ba ina wanke shi bane, ya yi laifi kuma ya san ya yi, so nake in san abin da zan gaya wa tsohuwa.

Uwar_Biyu:

Wa alaikumus salam. Allah ya shirya shi ya ba Mama haƙuri. Amma gaskiya in ba ka faɗi ƙasar ba da wuya wani ya iya ce maka shekara kaza, dan kowace ƙasa da nata. Shi kuma wancan maƙwabcin ku daina barinsa yana shiga wajen Mama.

Malam_Shiru:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Hajiya ta yi gaskiya, ba mai iya yanke maka adadi daga nan, kuma duk wanda ya yanke maka ƙarya yake. Amma yadda alƙalai ke tunani a irin wannan kusan iri ɗaya ne a ƙasashe da yawa, to bari in ɗauki dokar Ingila in yi misali da ita tunda ita na fi sani kuma ƙasashe da dama daga can suka gaji tsarin kotunansu.

Kuskuren maƙwabcinku shi ne ya ɗauki adadin da ke rubuce a doka a matsayin abin da ake bayarwa. Wannan adadin iyaka ce, wato ƙololuwar da alƙali ba zai iya wucewa ba, an ajiye ta ne dan mafi munin irin laifin. A Ingila dokar sata ta 1968 ta ce fasa gidan da mutane ke zaune iyakarsa shekara 14, in shago ne ko sito shekara 10, in kuma mutum ya shiga da makami zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Amma wanda ya yi karon farko babu makami bai taɓa kowa ba ba ya kusantar 14 ɗin nan ko kaɗan. Alƙali yana farawa ne da auna girman ɓarnar da girman gangancin, daga nan ya hau sama in akwai abin da ya ƙara wa laifin muni, ya sauko in akwai abin sassauci.

Kuma ka cire a ranka cewa rashin fita da kaya zai cece shi. Laifin fasa gida yana cika ne tun lokacin da mutum ya shiga ba da izini ba da niyyar sata, ko bai taɓa tsinke ba, balle shi har ya ɗaga waya. Abin da zai amfana da shi kawai shi ne ba a yi asarar dukiya ba. Abin da zai cuce shi kuwa biyu ne, dare ne, kuma masu gida suna ciki. Wannan na biyun alƙalai suna ɗaukarsa da zafi sosai saboda tsoron da aka jefa mutane a ciki, kuma a nan ne abu kan rikiɗe ya zama jini in aka yi kiciɓis. Saboda haka a cikin ukun, in dai ƙwayar ba ta da yawa, fasa gidan ne uwa.

Maganar ƙwaya kuma tambaya ɗaya ce take raba gardama, na sha ne ko na sayarwa. A dokar Ingila ta 1971 an kasa ƙwayoyi aji uku, mallakar na ajin farko irin su hodar iblis iyakarsa shekara 7, na biyu inda wiwi take shekara 5, na uku shekara 2, amma a aikace mai ɗan ƙullin da zai sha sau da yawa tara ce ko aikin al'umma. Da zarar an ce dillanci ne sai lissafi ya canja gaba ɗaya, na ajin farko har rai da rai, wiwi shekara 14. Kuma ba sai an kama mutum yana miƙa wa wani ba, suna duba yawan abin, ko an ƙuƙƙulla shi ƙanana-ƙanana, ko akwai sikeli, ko kuɗi canji-canji da yawa, ko saƙonni a wayarsa na masu tambaya akwai kaya. To ka je ka karanta takardar tuhumar da idonka ka ga mallaka kawai aka rubuta ko an ƙara da niyyar sayarwa, sannan ka tambaya ko sakamakon gwajin ƙwayoyin ya fito, dan sai an gwada ake sanin ajin da suke. Akwai kuma ƙasashen da mallaka kaɗai ma dokarsu ba wasa, a Najeriya misali dokar hukumar NDLEA ta rubuta shekara 15 zuwa 25 ga mallakar hodar iblis da makamantanta, ka ga dalilin da ya sa sanin ƙasar yake da muhimmanci.

Sai tambayarka ta farko. Alƙali zai yanke wa kowace tuhuma nata hukuncin daban, sannan ya faɗi ko za su tafi tare ko ɗaya bayan ɗaya. In tare ne, mafi tsawon kawai mutum zai yi, a ce an ba shi shekara 2 da wata 6 da wata 3, to shekara 2 ce. In ɗaya bayan ɗaya ne sai ya gama wannan ya shiga wancan. Galibi laifukan da suka faru a lamari guda ana haɗa su su tafi tare, kuma ko an jera su akwai ƙa'idar cewa alƙali ya ja baya ya dubi jimillar ya ga ta dace da abin da mutumin ya aikata gaba ɗaya, bai kamata ta zama lissafin ɗan firamare ba. Kwanakin da ya yi a tsare yana jiran shari'a ma a mafi yawan wurare ana cire su.

Inda nake so ka sa ido shi ne na ukun nan da kowa ke rainawa. Zan dawo kansa in na samu sarari, an kira sallah.

Maman_Hanan:

Ni fa ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Duk ana ta maganar yadda za a rage masa, ba wanda ya tambayi halin da masu gidan suke ciki. An taɓa shigar mana gida cikin dare muna kwance da yara, abin da aka ɗauka bai taka kara ya karya ba wallahi, amma ƙaramar 'yata ta fi shekara ba ta yarda ta kwana ita kaɗai, ni kaina ko iska ce ta taɓa labule sai na tashi zaune. Wanda ya yi mana an kama shi, ya zo kotu yana sunkuyar da kai lauyansa yana cewa yaro ne ƙwaya ce ta ja shi, ni da nake zaune a baya ba wanda ya waiwayo ya tambaye ni ko ina barci. Yayan_Gida ba da kai nake ba, na ga ka ce ba ka wanke shi kuma na yaba, amma in kuna son sassauci ku fara neman afuwar mutanen nan da gaske, ba ta bakin lauya a gaban alƙali ba.

Uwar_Biyu:

Maman Hanan Allah ya tsare gaba. Sai dai a yi hattara, kar su je gidan da kansu shari'a tana gudana, sai a ce sun je razana shaidu a ƙara musu wata matsalar. In za a nemi afuwa a bi ta hannun lauya ya san hanyar da doka ta yarda.

Baban_Sadik:

Ni abin da ya tsaya min a bayaninka shi ne cewa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, wannan ita ce babbar kadararsa a yanzu kuma sau ɗaya ake cin moriyarta. Mutane ba su san yadda tsohon laifi yake ninka sabo ba. A Ingila ɗin da Malam ya kawo, wanda aka samu da fasa gidan zama karo na uku mafi ƙarancin abin da za a ba shi shekara 3 ne sai in akwai wani dalili na musamman. A Amurka abin ya fi haka tsanani, jihar Kalifoniya ta yi doka a 1994 cewa mai manyan laifuka biyu a baya in ya sake na uku shekara 25 ne zuwa rai da rai, kuma a lokacin ko na ukun ƙarami ne yana iya shiga. Akwai wani Leandro Andrade da ya saci kaset-kaset na bidiyo a shaguna biyu, kuɗinsu duka dala ɗari da hamsin da 'yan kai, amma saboda yana da tsofaffin laifukan fasa gida aka ba shi 25 sau biyu ɗaya bayan ɗaya, shekara 50 kenan kafin a fara maganar sakinsa, aka kai har kotun ƙolin Amurka a 2003 alƙalai biyar cikin tara suka bar hukuncin yadda yake. Sai a 2012 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a aka gyara dokar ya zama sai na ukun ma babba ne ko na tashin hankali. Kun ga dai tarawar da maƙwabcin yake faɗa tana faruwa a duniya, amma ga wanda ake yi wa ita, ba ɗan 23 mai farar takarda ba.

Maganar amsa laifi kuma kar ka ɗauka lauyan ya sayar da ku. A kotunan tarayyar Amurka sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake yanke wa hukunci amsawa suka yi ba a kai ga sauraron shaidu ba, ana zama da mai gabatar da ƙara a daidaita a ce ka amsa wannan mu janye wancan. Ni ban ce tsarin yana da kyau ba, yana sa wani lokaci marar laifi ya amsa dan tsoron abin da ya fi, amma ƙaninka an kama shi ne kusan hannu dumu-dumu, ga maigida ya gan shi ga 'yan sanda sun bi shi daga katangar, me zai je ya musa?

Yayan_Gida:

Na gode ƙwarai jama'a, Maman Hanan maganarki ta shige ni kuma ban ji haushi ba. Na je na karanta takardar kamar yadda Malam ya ce, mallaka kawai aka rubuta babu maganar sayarwa, alhamdulillah. Amma shi yaron abin da yake ta nanatawa shi ne bai daki ɗan sandan ba, fizgewa ya yi shi kuma ya zame ya faɗi, kuma wai su ma sun dake shi bayan sun sa masa ankwa, na ga kumburi a fuskarsa ranar da na fara zuwa. To in ya amsa duka ukun ba ya amsa har da abin da bai yi ba kenan? Malam_Shiru kai muke jira.

Malam_Shiru:

Yawwa, dama nan nake son zuwa. Turjiya hawa-hawa ce. Akwai gudu ko ƙin miƙa hannu ko hana jami'i aikinsa, wannan a Ingila iyakarsa ɗaurin wata ɗaya ne ko tara. Akwai kuma kai wa jami'i hari, wanda dokar 2018 ta sa masa shekara ɗaya sannan a 2022 aka ninka ya koma shekara 2. Ka ga a lamba bai kai fasa gida ba, amma illarsa ta wani wajen take. Shi ne wanda alƙalai suka fi son su ɗora a kan sauran maimakon su bar shi ya tafi tare, saboda suna ganin wanda aka cuta daban ne kuma in aka bar shi ya narke a cikin babban hukuncin kamar an ce dukan ɗan sanda kyauta ne. Sannan yana ɓata maganar beli, dan wanda ya gudu sau ɗaya mai gabatar da ƙara zai miƙe ya ce zai sake gudu. Kuma yana rage wa maganar nadama armashi, lauya yana cewa yaro ya yi da-na-sani ga jami'i zaune da bandeji a hannu.

Game da cewa fizgewa kawai ya yi, ka sani a dokoki da yawa ba sai ka yi niyyar ji wa mutum ciwo ba, in ka yi abin da ka san zai iya jawo hakan ka ci gaba to ya wadatar. Amma duk da haka akwai tazara tsakanin wanda ya kai naushi da wanda ya fizge, kuma tazarar tana shafar hukunci. Ba dole ne ya amsa ukun a dunƙule ba, kowace tuhuma ana tambayarsa daban. Zai iya amsa fasa gida da ƙwaya, a ta ukun lauya ya nemi a sauko da ita zuwa turjiya zalla, ko ya amsa amma a rubuta cewa ya amsa ne a kan fizgewa ya yi bai kai duka ba, in ɓangaren gwamnati bai yarda ba alƙali ya saurari wannan gaɓar kaɗai. Ku tambayi ko akwai kyamara a jikin jami'an ko a unguwar, da rahoton likitan da ya duba hannun.

Dukan da ya ce an yi masa bayan ankwa magana ce mai zaman kanta, ba ta goge laifinsa amma shi ma laifinsa bai halatta ta ba. Lauya ya sa a rubuta, a nemi likita ya duba shi tun tabon bai ɓace ba, in ma da shi aka samu ya yi sitatimen to wannan babbar magana ce dan kotu tana iya ƙin karɓar bayanin da aka samu ta hanyar duka.

Dalilin da ya sa lauyanku yake gaggawa kuwa, rangwamen amsa laifi raguwa yake da lokaci. A Ingila wanda ya amsa a zaman farko ana cire masa har kashi ɗaya cikin uku, in ya ja sai ya koma ɗaya cikin huɗu, in ya bari sai ranar da shaidu suka hallara ɗaya cikin goma ne. Wanda za a ba shekara 3 ka ga shekara guda cur ke tsakanin amsawa yau da taurin kai. Ba ko'ina aka rubuta shi da lamba haka ba amma kusan ko'ina alƙali yana la'akari da shi. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a amsa kafin lauya ya ga shaidun da ke hannun masu ƙara.

Dan_Tsakiya:

Duk kun yi magana mai kyau amma ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Yaron nan ba dan yana son waya ya shiga gidan mutane ba, abin da ke aljihunsa ne ya tura shi, in aka kulle shi shekara biyu ya fito bai daina ba to tagar wani zai sake nema. Fotugal tun 2001 ta daina kai mai ɗan abin shansa kotu in bai wuce na kwana goma ba, wani kwamiti ake tura shi su duba ko magani yake buƙata, dillanci kuma yana nan a matsayin laifi. A Amurka ma tun 1989 aka fara kotunan masu shaye-shaye a Miami inda alƙali ke sa ido a kan jinyar mutum maimakon ya tura shi gidan yari kai tsaye.

Baban_Sadik:

Dan_Tsakiya ka faɗi rabi ka bar rabi. Jihar Oregon ta gwada irin haka bayan ƙuri'ar 2020, mallaka ta koma tarar dala 100, a 2024 suka janye suka mayar da ita laifi. Singafo kuma tana can ɗaya ƙarshen, wiwi in ta wuce giram 15 doka tana ɗauka dila ne kai sai ka kawo hujjar akasin haka, safarar sama da giram 500 kuma hukuncin kisa ne. Kuma ko a Fotugal ɗin ba a yafe fasa gida dan mutum yana shaye-shaye. Inda na yarda da kai shi ne maganar jinya tana da amfani a gaban alƙali, Yayan_Gida ku nemi wata cibiyar da za ta rubuta cewa ta yarda ta karɓe shi, da takardar wanda zai ba shi aiki ko ya koya masa sana'a in ya fito, lauya ya miƙa su ranar roƙon sassauci, a wasu ƙasashen irin wannan ne ke sa a ba da ɗaurin talala ko a haɗa ɗan gajeren ɗauri da sharaɗin magani. Amma kar a kai takardar bogi, suna bincikawa.

Yayan_Gida:

To madalla. Jibi zan ga lauyan, na rubuta abin da zan tambaye shi, sakamakon gwajin ƙwayoyin, kyamara da rahoton likita, da ko za a iya sauko da ta ukun kafin a amsa. Maganar neman afuwar masu gidan ma zan ce ya duba yadda za a yi ta hanyar da ta dace. Malam wata ƙarama, shi gargaɗin da aka taɓa yi masa kan wiwi ana lissafa shi a matsayin tsohon laifi?

Malam_Shiru:

Ya danganta da irin gargaɗin. In na baki ne aka ce tafi kar ka sake, babu shi a ko'ina. In kuwa ya sa hannu a takarda ya amsa cewa tasa ce, to yana cikin fayil ɗinsa kuma mai gabatar da ƙara zai iya ambatarsa, duk da bai kai nauyin hukuncin kotu ba. Ka tambayi yaron ko ya sa hannu a wani abu ranar, ka gaya wa lauyan tun kafin ya ji shi daga bakin ɗaya ɓangaren.